Haɗa Magungunan Rage Raɗaɗin Ciwo: Bayani Ga Al'ummar Jibiya Da Kewaye

Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Jibiya na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina. A cikinta ne mashigar Magama take, inda hanyar da ta taso daga birnin Katsina ke tsallakawa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Al'ummar ɓangarorin biyu 'yan'uwan juna ne ta fuskar harshe da auratayya da kasuwanci, don haka magunguna ma suna bin mutane su ƙetare iyaka. Wani ya je dubiya Maraɗi ya dawo da ragowar magani, wani ya saya a kemis a Jibiya, wani kuma a hannun mai talla ranar kasuwa. Ta haka ne ake samun magani iri ɗaya a gida ɗaya da sunaye biyu ko uku, wani kwalin da rubutun Turanci, wani da na Faransanci.

Magungunan rage raɗaɗin ciwo su ne aka fi sha ba tare da takardar likita ba. Manomi da ya wuni a fadama, da mai dako, da direba, da ɗan acaɓa, da mai ciwon haƙori, duk su ne abokan cinikinsu. Idan ƙwaya ɗaya ba ta yi aiki ba, akan ƙara wata a kanta. Wannan shafi yana bayani ne kan haɗin da ba shi da laifi, da wanda ke iya kai mutum asibiti ko ma ya yi sanadin rasa rai.

Ƙa'idar a taƙaice ita ce: baligi mai ƙoshin lafiya yana iya haɗa farasitamol da magani guda ɗaya daga dangin asfirin na 'yan kwanaki. Ba a haɗa magani biyu daga dangin asfirin, kuma ba a shan farasitamol sau biyu a ƙarƙashin sunaye daban-daban.

Rukunoni Biyu Na Magungunan

Duk da yawan sunayen da ake gani a kanti, galibin waɗannan magunguna rukuni biyu ne.

Rukuni na farko shi ne farasitamol. Yana sauke zazzaɓi, yana rage ciwon kai da ciwon jiki, amma ba ya sauke kumburi sosai. Ba ya cin ciki, shi ya sa ake iya shan sa ko ba a ci abinci ba. Hanta ce ke sarrafa shi. A wajen sarrafawar akan samu ɗan wani sinadari mai guba, wanda hanta ke kashewa nan take idan adadin maganin bai wuce ƙima ba. Idan ya wuce, gubar takan fi ƙarfin hantar, ta shiga lalata ta.

Rukuni na biyu shi ne dangin asfirin, wato asfirin da ibufurofen da dikilofenak da firoksikam da nafuroksen. An fara haɗa asfirin a kamfanin Bayer na ƙasar Jamus a shekarar 1897, ibufurofen kuma ya shiga kasuwa a Ingila a 1969. A shekarar 1971 masanin nan ɗan Ingila, John Vane, ya gano yadda suke aiki: suna hana jiki samar da wasu sinadarai masu jawo zafi da kumburi. Sai dai waɗannan sinadarai su ne kuma ke kare bangon ciki daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci, su ne ke taimaka wa jini ya isa ƙoda yadda ya kamata. Saboda haka duk maganin da ke cikin wannan dangi yana iya jawo gyambon ciki, da zubar jini, da rauni ga ƙoda.

Wannan bambanci shi ne tushen ƙa'idar. Farasitamol da ibufurofen hanyarsu daban, illarsu ma daban, don haka amfaninsu yakan haɗu ba tare da nauyin ya taru a gaɓa ɗaya ba. Amma ibufurofen da dikilofenak hanyarsu ɗaya ce. Wanda ya haɗa su bai ƙara samun sauƙi ba, illar kawai ya ninka.

Sunayen Da Ake Gani A Kan Kwali

Kowane magani yana da suna biyu. Akwai sunan kasuwa, wanda kamfani ke rubutawa da manyan haruffa, akwai kuma sunan sinadarin, wanda akan rubuta da ƙananan haruffa a ƙarƙashinsa. Sunan sinadarin shi ne abin dubawa.

1. Farasitamol. A kwalin Nijeriya ana rubuta shi paracetamol, a na Nijar paracétamol, a na Amurka kuma acetaminophen. Panadol da Doliprane da Efferalgan da Dafalgan da Tylenol duk shi ne. Yana kuma cikin Panadol Extra da Boska, da magungunan mura irin su Procold da Mixagrip.

2. Asfirin. Ana rubuta shi aspirin ko acetylsalicylic acid, da Faransanci kuma aspirine ko acide acétylsalicylique. Aspégic shi ne. Garin Alabukun ma asfirin ne miligiram 760 da sinadarin kafin miligiram 60 a kowane ƙunshi.

3. Ibufurofen. Ana rubuta shi ibuprofen ko ibuprofène. Brufen da Advil da Nurofen duk shi ne. Ibucap kuwa haɗi ne na ibufurofen da farasitamol da kafin a ƙwaya ɗaya.

4. Dikilofenak. Ana rubuta shi diclofenac ko diclofénac. Cataflam da Voltaren da Olfen duk shi ne.

5. Firoksikam. Ana rubuta shi piroxicam. Feldene shi ne sunan kasuwarsa da aka fi sani.

Akwai wani abin lura na musamman ga mazauna bakin iyaka. Ƙwayar farasitamol da aka saba da ita a Nijeriya miligiram 500 ce, shi ya sa aka saba shan biyu. Amma magunguna irin su Doliprane da Efferalgan suna zuwa da ƙwayar miligiram 500 da kuma ta miligiram 1000, wadda akan rubuta 1 g a jikinta. Wanda ya sha biyu daga mai 1000 bisa sabo ya sha ninkin abin da ya kamata. Idan ya maimaita haka sau huɗu a rana, ya sha miligiram 8000, adadin da ke iya lalata hanta.

Adadin Da Ya Dace Ga Baligi

Farasitamol: miligiram 500 zuwa 1000 a lokaci guda, da tazarar aƙalla awa 4 zuwa 6. Kada a wuce miligiram 4000 cikin awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, da tsoho mai rauni, da mai ciwon hanta, da mai shan barasa, ba za su kai wannan adadi ba, sai su nemi jami'in lafiya ya ƙayyade musu.

Ibufurofen: miligiram 200 zuwa 400 a lokaci guda, da tazarar awa 6 zuwa 8, bayan an ci abinci. Kada a wuce miligiram 1200 cikin awa 24 sai da umarnin likita.

Dikilofenak da firoksikam: waɗannan sun fi dacewa da takardar likita. A shekarar 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta hana ba masu ciwon zuciya da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki dikilofenak, kuma a 2015 Birtaniya ta daina sayar da ƙwayarsa ba tare da takardar likita ba. Firoksikam yana daɗewa a jiki fiye da kwana guda, don haka sau ɗaya ake shan sa a rana, kuma yana cikin waɗanda suka fi cin ciki.

Haɗin Da Ba Shi Da Laifi

Ya kamata a fara da farasitamol shi kaɗai. Idan bai wadatar ba, kuma mutum ba ya cikin waɗanda za a lissafa a ƙasa, sai a ƙara ibufurofen. Nazarin da cibiyar Cochrane ta wallafa a 2013 kan waɗanda aka cire wa haƙori ya nuna cewa haɗa su biyun ya fi kowannensu shi kaɗai rage raɗaɗi. A 2020 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince a sayar da ƙwayar da ta ƙunshi su biyun ba tare da takardar likita ba.

Ana iya shan su lokaci guda, ana kuma iya raba su don kada ciwon ya samu sararin dawowa. Ga wanda ba ya tare da agogo, lokutan salla suna taimakawa. Misali, a sha farasitamol miligiram 1000 bayan asuba, da bayan azahar, da bayan isha'i. A sha ibufurofen miligiram 400 da hantsi bayan karin kumallo, da bayan la'asar, da lokacin kwanciya, kowanne da ɗan abinci a ciki. Jimilla ta zama farasitamol 3000 da ibufurofen 1200, duka a cikin ƙa'ida. Da zarar ciwo ya lafa sai a rage ko a daina. Idan an kwana 3 ana wannan haɗi ba a samu sauƙi ba, sai a je asibiti.

Haɗin Da Ya Kamata A Guje Wa

1. Magani biyu daga dangin asfirin, kamar Alabukun da ibufurofen, ko dikilofenak da Feldene. Allurar dikilofenak ma tana cikin lissafi. Wanda aka yi wa allurar da safe kada ya sha ibufurofen da rana.

2. Farasitamol a kan farasitamol, kamar Panadol da Doliprane, ko maganin mura da Boska, ko Ibucap da ƙarin Panadol ba tare da lissafi ba.

3. Dangin asfirin da dexamethasone ko prednisolone. Wannan haɗi yana ƙara haɗarin gyambon ciki da zubar jini ƙwarai.

4. Dangin asfirin da maganin tsinka jini irin su warfarin.

5. Dangin asfirin da magungunan hawan jini, musamman lisinopril da magungunan sa fitsari. Suna rage ƙarfin maganin hawan jinin, kuma idan ukun suka haɗu suna iya tsayar da aikin ƙoda.

6. Ibufurofen ga wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin na miligiram 75 saboda zuciya. Ibufurofen na iya tare wa asfirin ɗin hanya. Irin wannan mutum farasitamol ya fi dacewa da shi.

7. Ƙullin haɗi da wasu masu talla ke sayarwa, inda ake ɓare ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban a ƙulle a leda a ce maganin gajiya ne. Mai saye ba ya sanin sunansu, ko ƙarfinsu, ko ranar da wa'adinsu zai ƙare. Idan aka samu matsala, likita ma ba zai san abin da aka sha ba.

Waɗanda Dangin Asfirin Bai Dace Da Su Ba

Masu gyambon ciki ko waɗanda suka taɓa aman jini, masu ciwon ƙoda, masu ciwon zuciya, masu hawan jinin da bai daidaita ba, da masu asma waɗanda asfirin ke tayar musu da ita, duk su guji wannan dangi. Waɗanda suka haura shekara 65, da masu ciwon suga, da masu amosanin jini, su nemi shawarar likita tukuna, domin ƙodarsu ta fi saurin samun rauni.

Mai juna biyu kada ta sha ibufurofen ko dikilofenak ko makamantansu sai da umarnin likita. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa daga mako na 20 na ciki suna iya taɓa ƙodar ɗan tayi, su rage ruwan da yake kwance a ciki. Farasitamol shi ne zaɓin farko gare ta, a mafi ƙarancin adadi kuma na ɗan lokaci. Ƙaramin asfirin da likita ke rubuta wa wasu masu juna biyu don kare su daga hawan jinin ciki daban yake, kada a daina shi.

Mai zazzaɓin da ba a gano dalilinsa ba ya tsaya ga farasitamol har a yi gwaji. Zazzaɓin Lassa da na dengi suna jawo zubar jini, kuma dangin asfirin na ƙara tsananta shi.

Lokacin Zafi Da Azumi

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana a yankin Jibiya kan haura maki 40. Masu noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Jibiya, da makiyaya, da masu lodin kaya a Magama, suna zubar da gumi mai yawa. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ƙoda takan dogara da sinadaran nan da dangin asfirin ke toshewa. Shan dikilofenak ko ibufurofen a wannan hali shi ne hanya mafi sauri ta raunata ƙoda. Haka abin yake ga mai amai da gudawa. Sau da yawa ciwon kan da ke zuwa bayan wunin rana na ƙishirwa ne, ruwa da inuwa sun isa su magance shi.

Mai azumi kada ya buɗe baki da waɗannan ƙwayoyi. Ya sha ruwa, ya ci abinci, sannan ya sha magani. Kada kuma ya ninka adadi da sahur da nufin maganin ya kai shi yamma.

Ƙananan Yara

Ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin ko Alabukun sai da umarnin likita, saboda wata cuta da ake kira Reye, wadda ke kumbura ƙwaƙwalwa ta lalata hanta.

Ana auna maganin yaro ne da nauyinsa. Farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo, kuma ba a wuce sau 4 cikin awa 24. Yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 100 zuwa 150, wato mililita 5 na maganin ruwa mai miligiram 120 a kowace mililita 5. A yi amfani da ma'aunin da ya zo da kwalbar, domin cokulan gida girmansu ya bambanta. Wasu magungunan ruwa masu rubutun Faransanci suna zuwa da sirinji mai alamar kilo a jikinsa. Wannan sirinji na kwalbarsa ne kaɗai, ba a auna wani magani da shi.

Ba a ba jaririn da bai kai wata 3 ba ibufurofen, haka ma yaron da ke gudawa ko mai ƙarambau. Ba a ba yaro farasitamol da ibufurofen lokaci guda don sauke zazzaɓi sai jami'in lafiya ya ce a yi. Iyaye su sani cewa waɗannan magunguna ba sa kashe ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro. Jikin yaro na iya yin sanyi alhali cutar na ci gaba. Duk yaron da ya yi zazzaɓi a kai shi gwaji cikin awa 24. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, a kai shi nan take.

Taramol Da Kodin Da Novalgin

Taramol da kodin ba sa cikin magungunan da ake saye kai tsaye. Suna sa maye da kamu, suna rage numfashi, taramol kuma na jawo farfaɗiya idan ya yi yawa. Ƙarfin da Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, ta amince da shi na taramol miligiram 50 da 100 ne, da takardar likita. Masu 200 da 225 haramtattu ne. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. A Fabrairun 2025 kuma gwamnatin Indiya ta hana haɗa ƙwayoyin tapentadol da carisoprodol, waɗanda ake shigowa da su Afirka ta Yamma a madadin taramol. Tun a 2005 NAFDAC ta haramta dipyrone, wanda aka fi sani da Novalgin ko Analgin, kuma a kwalin Faransanci akan rubuta shi métamizole ko noramidopyrine.

Alamomin Haɗari

A gaggauta zuwa asibiti idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: aman jini ko amai mai kama da dusar kofi, baƙin bayan gida mai danƙo, ciwon ciki mai tsanani, raguwar fitsari, kumburin ƙafa ko fuska, idanu su yi ɗorawa, ƙuraje da sarƙewar numfashi bayan shan magani. Ciwon kai mai tsanani tare da zazzaɓi da sanƙarewar wuya na iya zama sanƙarau, ba a jira a ga aikin ƙwaya.

Yawan farasitamol yana da yaudara. Wanda ya sha fiye da ƙima na iya wuni lafiya ƙalau, illar hanta ba ta bayyana sai bayan kwana 2 ko 3. Akwai makarinsa a asibiti, mai suna acetylcysteine, amma ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa 8. Saboda haka kada a jira alama, kada a sa mutum amai, kada a dogara da madara ko manja. A ɗauki kwalin maganin a tafi da shi cibiyar lafiya mafi kusa ko Babban Asibitin Jibiya. Idan da buƙata, daga nan ake tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tafiyar sama da kilomita 40.

Har ila yau, wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a kowane wata na iya samun ciwon kan da maganin da kansa ke jawowa. Irin wannan yana buƙatar ganin likita.

Saye Da Adanawa

A sayi magani a kantin da ke da lasisin hukumar PCN, mai kula da harkar harhaɗa magunguna. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Dokar hana jabun magunguna ta 1999 ta haramta sayar da magani a kasuwa da tasha da gefen hanya da cikin mota. Maganin da aka sayo a kantin magani na Nijar ba ya ɗauke da lambar NAFDAC, kuma wannan kaɗai bai sa ya zama jabu ba, amma doka ba ta yarda a sayar da shi a Nijeriya ba tare da rajista ba.

Yawancin waɗannan ƙwayoyi ana so a adana su a wurin da zafinsa bai wuce maki 30 ba. Maganin da ya wuni a faranti a rana, ko a gaban mota, ƙarfinsa na iya raguwa. Asfirin da ke warin tsami ya lalace. A bar kowace ƙwaya a cikin katinta, a ajiye inda hannun yara ba ya kaiwa.

Rawar Da Shugabanni Za Su Taka

Hakimai da dagatai da masu unguwanni da kansiloli da limamai su ne jama'a suka fi saurare. Ana buƙatar su riƙa isar da wannan bayani a masallatai da majalisu da wuraren suna da ɗaurin aure, musamman ga waɗanda ba sa iya karanta kwali. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan dako a Jibiya da Magama su ja kunnen mambobinsu game da ƙullin haɗi. Masu kemis su riƙa tambayar mai saye abubuwa uku kafin su miƙa magani: wa zai sha, me ya riga ya sha yau, kuma yana da gyambon ciki ko hawan jini ko ciwon ƙoda ko juna biyu. Ma'aikatan cibiyoyin lafiya na Daddara da Bugaje da Faru da sauran garuruwa su ƙarfafa wa marasa lafiya gwiwa su zo da duk magungunan da suke sha, na Nijeriya da na Nijar. Duk wanda ya ga ana sayar da haramtattun ƙwayoyi ya sanar da ofishin NAFDAC ko na NDLEA. Ana kuma iya kai rahoton illar magani ta manhajar Med Safety, wadda NAFDAC ta ƙaddamar a 2020.

Kammalawa

Kafin a haɗa magani biyu, a duba sunan sinadarin da adadin miligiram da ke jikin kowanne. Idan duka biyun farasitamol ne, ko duka biyun daga dangin asfirin suke, a ajiye ɗaya. Wanda bai iya karantawa ba ya nuna wa jami'in lafiya ko mai kemis mai lasisi, domin matambayi ba ya ɓata. Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, amin.